Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Goge Bututun Bindigar Gasa

Maharbin gasa da ya ga harsasansa sun fara warwatsuwa a allo yakan ɗora laifin a kan iska, ko harsashi, ko idonsa. Ba kasafai yake tuhumar sandar da yake goge bututu da ita ba, alhali sau da yawa ita ce mai ɓarnar. Bindigar .22, mai ƙaramin harsashi, da ake harbin mita 50 da ita a gasar Olamfik tana iya cin harsasai dubu goma-goma ba tare da saitinta ya lalace ba, domin harsashinta dalma ce mai laushi, albarushinta kuma kaɗan ne. Amma hannu mai gaggawa yana iya nakasa ta a 'yan watanni.

Kafin komai, a cire harsashi, a zare sakata, a leƙa a tabbatar babu komai a ciki. Wannan ba abin muhawara ba ne.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne shigar da sanda ta bakin bindiga. Leɓen bakin nan shi ne wuri na ƙarshe da harsashi ke taɓawa kafin ya fita. Idan gefe ɗaya ya ɗan ci, ko da ido bai gani ba, iskar da ke tura harsashin za ta riga fita ta wannan gefen, ta karkatar da shi. Gyaran shi ne a riƙa shiga ta baya, inda harsashi ke zama, a tura ƙyalle gaba har ya faɗi ta baki. Kada a jawo ƙyalle mai dauɗa ya koma ciki. Burushi kuwa ba a juya shi a tsakiyar bututu. Sai ya fita gaba ɗaya tukuna. Idan leɓen ya riga ya lalace, ba sai an sayi sabon bututu ba, ƙwararren mai gyaran bindiga yana iya sake yanka shi.

Ita kanta sandar akwai magana a kanta. Irin mai gaɓa-gaɓa da ake ɗaurawa, musamman ta alminiyam, tana lanƙwasa, mahaɗanta suna gugar tsagin cikin bututu da ke sa harsashi juyawa, ga shi tana riƙe ƙasa-ƙasa a jikinta har ta zama tamkar magagari. A nemi sanda guda marar mahaɗa, mai rufi a jiki, mai mariƙin da ke juyawa, a share ta bayan kowace turawa. A kuma sa ɗan kororon nan da ake zurawa a mazaunin sakata don ya miƙar da sandar. Yana da wani amfani da mutane ke mantawa: yana hana ruwan wanki zubowa cikin kunama ko ya jiƙa inda ƙarfe ya zauna a kan katako. Don haka ma ake ɗan sunkuyar da bakin bindigar ƙasa lokacin aiki.

Sai rashin sanin irin dauɗar da ake yaƙi da ita. A bindigar .22, abin da ya fi damun mutane shi ne zoben baƙar toka da dalma da ke taruwa daidai inda bakin kwanson harsashi ya tsaya. Mutum zai yi ta tura ƙyalle yana fitowa fari tas, ya ɗauka ya gama, zoben kuwa yana nan daram, yana matse kowane harsashi tun kafin ya kama hanya. Wurin nan kaɗai ke buƙatar a jiƙa shi da maganin narkar da toka, a bari ya sha, sannan a murza a hankali. Manyan bindigogi irin .308 Winchester, waɗanda ake kaiwa yadi 1,000 da su a filaye kamar Bisley a Ingila, tasu matsalar jan ƙarfe ne da rigar harsashi ke bari a tsagi. Magungunan cire shi da yawa suna da amoniya, kuma suna mai da ƙyalle shuɗi. A nan ake yin kuskure biyu: wasu su bar maganin ya kwana a ciki alhali kwalbar ta ce 'yan mintuna, wasu kuma su haɗa shi da burushin tagulla, maganin ya riƙa cin burushin, shuɗin ya ƙi ƙarewa, su kuma su yi ta dirza. Da irin wannan magani burushin nailan ake amfani. A ganina, ƙaramar kyamarar leƙa bututu ta fi kowace sabuwar kwalbar magani amfani, domin tana nuna maka inda dauɗar take da lokacin da ya kamata ka daina.

Bindigar iska ta mita 10, mai harsashin milimita 4.5, ba ta ƙona albarushi, saboda haka ba ta son wanki mai yawa. Busasshen ƙyalle a kan zare, ko ƙwayoyin auduga da ake yi don haka, sun isa. Magungunan manyan bindigogi suna cinye robobin da ke hana iskarta zurarewa. Man fetur da danginsa kuwa kada ya kusanci tukunyar iska mai matsin da ya kai 200 zuwa 300 a ma'aunin matsin iska na "bar". Yana iya kama wuta ya fashe.

Akwai kuma wanda zai wanke bututu ƙal a daren gasa don ya ji daɗi a ransa. Bututu mai tsabta ba ya jefa harsashi inda wanda aka ɗan yi harbi da shi ke jefawa. Na .22 yana buƙatar harsasai da dama kafin kakin da ke jikinsu ya sake shafe ciki, haka ma idan an canza kamfanin harsashi. Dokar ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya, ta ba da minti 15 na shiri da gwajin saiti, amma wannan lokaci na karanta iska da daidaita jiki ne, bai kamata ya tafi wajen jiran bututu ya dawo hayyacinsa ba. Ka rubuta a littafinka harsashi nawa bindigarka ke buƙata bayan wanki kafin ta natsu, da nawa take ci kafin ta fara bazuwa. Kowane bututu da halinsa.

Ajiya ba ta da wuya. Ɗan mai siriri a ciki yana hana tsatsa, ko da bututun na ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa ne, domin shi ma yana yi idan ya samu laima. Akwatin bindiga mai soso a ciki na tafiya ne, ba na ajiya ba, yana riƙe danshi. Kafin harbi na gaba a tura busasshen ƙyalle a kwashe man duka, daga bututu har mazaunin harsashi, domin man da aka bari yana ƙara matsi, yana kuma kai harbin farko wani wuri dabam. A yi aikin inda iska ke kaɗawa, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, saboda baƙin da ke kan ƙyallen nan akwai dalma a cikinsa.