Kafin ka zaɓi garin da za ka zauna a Jamus

Fara da gida, don a nan ake shan wuya. Munich ta fi ko'ina tsadar haya, Frankfurt da Berlin na biye, yayin da Leipzig ko garuruwan yankin Ruhr irin su Dortmund suke da sauƙi. Kada albashi mai tsoka ya ruɗe ka. Cire kuɗin haya tukuna ka ga abin da ya rage.

Duba tallar gidan da kyau. Akwai hayar da ba ta haɗa da ɗumama ɗaki da ruwa ba, ita ce Kaltmiete, kuma a kanta ake lissafa kuɗin ajiya da ake ba mai gida a matsayin jingina, wanda doka ta hana ya wuce na wata 3. Kana iya biyansa kashi uku. Gidaje da yawa kuma babu komai a kicin, ko murhu ko wurin wanke kwano, kai za ka saya ka kafa.

Da ka tare, kana da kwana 14 ka yi rajistar adireshi a ofishin gari. Sai mai gida ya ba ka takardar shaida, don haka ka tambaye shi tun kafin ka biya ko sisi. In ya fara inda-inda, bar gidan: ba rajista, ba lambar haraji, buɗe asusun banki ma sai ya yi wuya.

Kowane gida yana biyan Yuro 18.36 a wata na rediyo da talabijin, ko ba ka kallo. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, sai na manyan tashoshin jirgin ƙasa, don haka yi cefane Asabar.