Kurakuran da masu gidajen haya a Birtaniya ke yi wajen sabunta jingina idan shekaru sun ja

A Birtaniya babu dokar da ta yanke shekarun da za a daina bai wa mutum bashin jinginar gida. Kowane banki ne ke gindaya nasa sharaɗin, kuma dokar daidaito ta 2010 ta bar wa masu harkar kuɗi damar duba shekarun mai nema. Kuskure na farko shi ne mai gidan haya ya ɗauka cewa tunda banki guda ya juya masa baya, to ƙofa ta rufe ke nan. Wasu bankuna suna tsayawa a shekara 75, wasu su kai 80 ko 85, akwai kuma waɗanda ba su sa iyaka ba a kan gidan haya, domin kuɗin haya ne ke biyan bashin, ba albashin mai gida ba. Dillalin jingina wanda ya san kasuwa sarai ya fi sanin ƙofar da ta dace a ƙwanƙwasa.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne lissafi da shekarun yau. Abin da banki ya fi dubawa shi ne shekarun da mutum zai kai ranar da wa'adin bashin zai cika. Mai shekara 68 da ya je bankin da iyakarsa 80 ce, shekara 12 kawai za a ba shi, ko da 25 ya nema. Idan miji da mata ne suka nema tare, galibi da shekarun babban cikinsu ake lissafi. Gajartar wa'adin ba za ta zama abin damuwa ba da a ce bashin yana raguwa, amma yawancin jinginar gidajen haya kuɗin ruwa kaɗai ake biya duk wata, uwar kuɗin kuma tana nan daram. Wanda ya ci fam 150,000 zai tarar da fam 150,000 ɗin suna jiransa ranar ƙarshe, a lokacin da masu ba shi sabon bashi sun ragu ƙwarai. Gyaran shi ne ya yanke shawara tun yanzu kan inda kuɗin za su fito: sayar da gidan, ko ajiya, ko rage uwar kuɗin a hankali gwargwadon abin da yarjejeniya ta yarda ba tare da tara ba.

Akwai kuma masu zaton cewa da zarar an tsallake batun shekaru, sauran sauƙi ne. Bankuna kan so kuɗin haya ya kai kashi 125 cikin 100 na kuɗin ruwa, ko kashi 145 ga mai biyan haraji a mataki na sama, kuma sukan gwada lissafin da ruwan da ya fi na yarjejeniyar, misali kashi 5.5. A kan fam 150,000, wannan ya kama kusan fam 688 a wata, wato dole haya ta kai kimanin fam 860, ko fam 997. Tun daga 2017, mai gidaje huɗu ko fiye da ke ƙarƙashin jingina ana bin diddigin dukkansu ne, ba gida ɗaya ba. Takardun fansho da na haraji ya kamata su kasance a hannu kafin a nema.

Jinkiri ma kuskure ne mai tsada. Idan yarjejeniyar tsayayyen ruwa ta ƙare ba a shirya ba, bashin zai koma kan ruwan banki na yau da kullum, wanda yawanci ya fi tsada. Waɗanda suka ga Babban Bankin Ingila ya ɗaga ruwa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a watan Agustan 2023 sun ji a jikinsu. A fara nema wata shida kafin lokaci. Karɓar sabuwar yarjejeniya daga bankin da ake tare da shi ya fi sauƙi, sai dai hakan ba ya ƙara wa'adi da kansa, kuma nan ne wasu ke ruɗuwa.

Wasu kuma, da jin cewa kamfani ba ya tsufa, sai su yi gaggawar mayar da gidan hannun kamfaninsu. A wurin hukumar haraji wannan ciniki ne, yana iya jawo harajin ribar kadara, kashi 18 ko 24, da harajin sayen gida, kuma banki zai nemi daraktan ya tsaya wa bashin da kansa. Haka sayarwa cikin firgici: harajin ribar ana biyansa cikin kwana 60, alhali gidan da aka bar wa magada ba a cajin wannan haraji ranar mutuwa, ko da yake harajin gado na kashi 40 yana hawa kan dukiyar da ta haura fam 325,000. Musulmin da ya bi tsarin da babu riba, irin na bankin Gatehouse, shi ma ya tambayi iyakar shekarun da ke cikin nasa tsarin, ya rubuta ranar cikar wa'adin a inda iyalinsa za su gani.