Tarin da ya ƙi warkewa: yadda ake kai kaki lab da yadda ake karanta takardar

'Yan uwa mazauna Legas, musamman mu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da kullum muna cikin ƙura da hayaƙin janareto, akwai wani abu da muke yi wanda wallahi yana cutar da mu, mutum na tari wata da watanni sai maƙwabcinsa ya ce ai nima irinsa na yi, je kemis ka sayi cipro, wato wani antibayotik. To ƙwayar cutar ko sunanta ɗaya da ta maƙwabcinka ba lallai halinsu ɗaya ba, kamar 'ya'yan gida ɗaya ne, wani na jin magana wani sai an yi da gaske.

Ga misali Pseudomonas aeruginosa, wadda ke son huhun da ya riga ya samu rauni, kamar na wanda ya taɓa yin TB ya warke amma hanyoyin iska suka buɗe suka lalace. In ta daɗe a ƙirji tana sauya hali, wani nau'in ya fara fitar da yauƙi mai kauri ya lulluɓe kansa har magani ya kasa ratsawa, kuma a huhun mutum ɗaya ma ana iya samun nau'i fiye da ɗaya, wani yana jin magani wani baya ji. Haka Mycobacterium abscessus, dangin TB ce amma ba TB ba, ta kasu gida 3, nau'in massiliense yawanci yana jin maganin clarithromycin, nau'in abscessus kuwa sau da yawa yana da abin da ke kashe ƙarfin maganin bayan an fara sha. Masu ciwon suga da masu HIV da duk mai raunin garkuwar jiki su ne waɗannan ƙwayoyin suka fi samun dama a kansu.

To me za ka yi? In tari ya kai sati 2, fara da gwajin TB, kyauta ne a cibiyoyin DOTS na gwamnati, wato inda ake bada maganin TB, na'urar GeneXpert na nuna TB har da ko tana jin rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan TB. Amma ka sani bata ganin sauran dangin nan, so in ta ce babu kuma tari na nan, koma wajen likita ka tambaya ko za a yi maka kalca, wato a shuka kakin a ga abin da zai tsiro. Manyan asibitoci irin LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja suna da lab na wannan aikin.

Wajen bada kakin ne mutane ke ɓata komai. Da sassafe kafin ka karya, kurkure baki da ruwa zalla, ja numfashi mai zurfi ka yi tari daga ƙirji, kaki ake so ba yawu ba, ka tofa a robar da lab suka baka ka rufe gam. A kai cikin kamar awa 2, ka lissafa da gosulo, in kana nesa gara ka je can ka bayar. Kuma dan Allah kar ka fara shan antibayotik kafin nan, in ka riga ka sha gaya wa likita sunansa, cipro da levofloxacin ma suna iya lafar da TB na ɗan lokaci a ɗauka an warke.

Kalca ta yau da kullum kwana 2 zuwa 3 ce, ta TB da danginta na iya kai sati 6 zuwa 8. A takardar za ka ga sunan ƙwayar da jerin magunguna, S na nufin maganin na kama ta, R baya kama ta, I kuma tsaka-tsaki ne, likita ne zai duba. Kar ka ɗauki takardar ka wuce kemis kai tsaye, wasu magungunan allura ne kuma sai an duba ƙoda. Ka ɗauki hoton kowace takarda a waya da kwanan watanta, don in tarin ya dawo likita zai kwatanta ya ga ko tsohuwar ce ta sauya ko sabuwa ce ta shigo.