Darasi na Tara: Motar Hayibirid da Ta Ƙi Tashi Bayan Doguwar Ajiya

Motar hayibirid ita ce wadda take tafiya da man fetur da kuma wutar lantarki a tare. Wadda aka fi sani a cikinsu ita ce Toyota Prius, wadda ta fara fitowa a ƙasar Japan a shekarar 1997. A nan Damagaram mutum yakan rufe motarsa a gida ya tafi aikin Hajji, ko fatauci, ko a tura shi aiki Yamai na wasu watanni, idan ya dawo ya danna maɓallin tayarwa sai ya ji shiru. Da yawa sukan yanke hukunci nan take cewa babban batir ne ya mutu, alhali mafi yawan lokuta matsalar ba ta kai can ba.

Motar tana da batir biyu, kuma wanda bai fahimci aikin kowannensu ba zai kashe kuɗi a inda bai kamata ba. Babban batir yana ɓoye a bayan motar, kusa da kujerar baya, kuma a Prius ƙirar 2004 zuwa 2015 ƙarfinsa ya ɗan haura bolt 200. Shi ne yake juya injin fetur ya tayar da shi, domin irin wannan mota ba ta da sitata irin ta sauran motoci. Ƙaramin batir kuwa mai bolt 12 ne, aikinsa shi ne ya kunna kwamfutocin motar, su kuma su buɗe wa wutar babban batir hanya. Matsayinsa kamar na mai gadin ƙofar sito ne: ko da sito cike yake da hatsi, idan mai riƙe da makulli ya yi barci babu abin da zai fito. Ko motar tana kashe, agogo da na'urar da ke sauraron makulli suna ci gaba da shan wuta kaɗan-kaɗan, saboda haka cikin ƴan makonni ƙaramin batir yana iya saukewa, musamman idan ya tsufa. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi yake wuce digiri 40 a garin nan, yana ƙara gaggauta lalacewarsa.

Binciken farko

Kafin a kira makaniki, a tabbatar giya tana kan harafin P, a taka birki sosai, sannan a danna maɓallin da aka rubuta wa POWER. Wannan mota ba ta yin kukan tayarwa, don haka shaidar cewa ta tashi ita ce kalmar READY da take bayyana a allon gaban direba. Yana da kyau kowane mai koyo ya rubuta haruffan nan biyar a littafinsa har idonsa ya saba da su. Idan kalmar ta fito, motar ta tashi, ko da injin bai yi motsi ba tukuna.

Idan ƙofa ta ƙi buɗewa da rimot, akwai ɗan makullin ƙarfe da aka sa a cikin rimot ɗin, da shi ake buɗe ƙofar direba. Wani lokaci ɗan batirin rimot ne kawai ya ƙare. A ƙirar 2004 zuwa 2009 sai a cusa rimot ɗin a ramin da aka yi masa kusa da sitiyari, a ƙirar da ta biyo baya kuma a kara shi a jikin maɓallin POWER yayin da ƙafa take kan birki.

Alamomin ƙaramin batir da ya sauke su ne fitilar cikin mota ta yi rauni, hon ya shaƙe, allo ya ƙi kamawa ko kuma ya riƙa ƙyaftawa yana nuna gargaɗi barkatai. Kada yawan fitilun gargaɗi ya tsorata mai mota a wannan mataki, domin kwamfutar da ba ta samun isasshiyar wuta takan nuna laifin da babu shi. Abin da yake raba gardama shi ne mitar awon wuta, wadda ake samu wajen masu gyaran wutar mota. Idan mita ta nuna 12.6, batir cike yake; 12.2 yana nufin kusan rabi ya tafi. Abin da ya gaza 12 kuwa ya sauke. A duba kawunan batir ɗin, a goge farin garin da yakan taru a kansu, a kuma ɗaure su tamau.

Jona wuta daga wani batir

A Prius ƙirar 2004 zuwa 2015 ƙaramin batir yana cikin but, wato wurin kaya na bayan mota, ta gefen dama, kuma but ɗin ba ya buɗuwa daga waje idan babu wuta. Saboda haka aka tanadi wurin jona wuta a gaba: a ɗaga murfin inji, a buɗe akwatin fiyus, za a ga wani jan murfi mai alamar +. A ƙirar 2016 zuwa 2022 batir ɗin kansa yana gaba, kusa da inji.

Cikin wayoyin jona wuta biyu, ja da baƙa, jar waya ake fara maƙalawa a wurin mai alamar + na motar da ta ƙi tashi, ɗaya bakinta kuma a kan + na batirin taimako. Baƙar waya ta kama alamar − ta batirin taimako, ɗaya bakinta kuma a maƙala shi a jikin wani ƙarfe marar fenti na motar da ake son tayarwa. A bar motar taimako tana aiki kamar minti 5, sannan a taka birki a danna POWER. Da zarar READY ta fito, a cire wayoyin, ana farawa da wadda aka maƙala a ƙarshe. A nan ne ake buƙatar natsuwa fiye da ko'ina, domin juya wayoyi, wato a sa ja a wurin baƙa, yana ƙona babban fiyus, yana kuma iya lalata na'urar da ke sarrafa wutar motar, wadda kuɗinta ya ninka na batir sau da yawa. A ganina, wanda bai iya bambance + da − da idonsa ba, gara ya bar aikin ga wanda ya iya, komai gaggawarsa.

Bayan ta tashi, a bar ta a kan READY kamar awa ɗaya a fili inda iska take kaɗawa, ba a cikin rufaffen gareji ba, saboda injin yakan tashi da kansa kuma hayaƙinsa yana kisa. A wannan lokaci mita za ta nuna kusan 14, alamar cewa babban batir yana cika ƙaramin. Idan gari ya waye motar ta sake ƙin tashi, ƙaramin batir ya gama aiki, sai a sayi sabo mai girman na asali. Turin mota, wanda aka saba yi wa tsofaffin motoci a tasha, ba ya tayar da hayibirid ko kaɗan, kuma bai dace a yi amfani da ita wajen tayar da wata motar ba.

Idan READY ta fito amma inji ya ƙi kamawa

Wannan hali ya fi na farko haɗari. Za a ji injin ya juya na ɗan lokaci ya tsaya, sai jar alama mai kusurwa uku ta bayyana. Dalilin yakan kasance mai ya ƙare, ko ya daɗe a tanki ya lalace, ko kuma tun farko an zuba man kwalba na bakin hanya wanda ya haɗu da ruwa ko ƙasa. Ɓera ma yakan yi sheƙa a wurin matatar iska, ya ciccije wayoyi. Kowane gwaji yana cin wutar babban batir, kuma tun da idan mota tana tsaye inji ne kaɗai yake cika shi, wanda ya yi ta dannawa zai sauke shi ƙasa ƙwarai, har sai an nemo caja ta musamman wadda ba kowane gareji yake da ita ba. A gwada sau biyu, idan ta ƙi a dakata, a nemi makanikin da yake da na'urar karanta laifin mota. Lambar P0A0F tana nufin inji ya kasa tashi, P0A80 kuma ita ce take nuna babban batir ya lalace. Kada a yarda a sayi babban batir kafin a ga abin da na'urar ta rubuta.

Duk wayar da aka lulluɓe da launin ruwan lemo tana ɗauke da wutar da za ta iya kashe mutum, ba a taɓa ta, ba a kuma barin yaran gareji su kwance ta da hannu tsirara. Idan ruwan damina ya shiga cikin motar a inda aka ajiye ta, kada a danna maɓallin ma sam. In ya zama dole a kai ta gareji, a ɗora ta a kan wata mota ko a ɗaga ƙafafunta na gaba, domin janta da igiya yana sa injin lantarkinta ya haifar da wuta ya yi ɓarna.

Mai shirin tafiya ya bar makulli wajen wani amintacce wanda zai riƙa sa motar a kan READY na awa ɗaya kowane mako. Idan babu mai yin haka, a cire baƙin kan ƙaramin batir, a ajiye motar a inuwa, a kuma nisantar da rimot daga gare ta. Bayan hunturu a share ƙurar da ta toshe ƴar tagar iska da ke gefen kujerar baya, domin ta nan babban batir yake shan iska.

Aikin aji

Kowane mai koyo ya zana batir a littafinsa, ya sa alamar + da alamar −, ya rubuta launin wayar da ta dace da kowace. Bayan haka malami zai rubuta 12.6 da 12.2 da 11.5 a allo, kowa ya karanta su da ƙarfi, ya faɗi matakin da zai ɗauka idan mita ta nuna masa kowace daga cikinsu.