Yadda ake maganin cutar farin ɗigo a jikin kifin ado lokacin hunturu

Idan hunturu ya kankama a Maradi, wajen Disamba da Janairu, ruwan akwatin gilashi yakan yi sanyi ƙalau da asuba sannan ya yi ɗumi da rana, kuma wannan hawa da saukar ce ke raunana kifi har cutar farin ɗigo ta samu ƙofa. Da farko za ka ga kifin yana goga jikinsa da tsakuwa kamar mai ƙaiƙayi, ya naɗe fukafukansa, ya rage cin abinci. Daga baya fararen ɗigo su fito a jiki da wutsiya kamar an barbaɗa masa gishiri. Sai dai a lura: namijin jan kifin ado, wato goldfish, yakan fitar da ƴan ƙuraje farare a murfin gefen kansa da gaban fukafukan ƙirjinsa lokacin barbara, kuma wannan lafiya ce, ba ya buƙatar magani.

Ƙwayar da ke kawo cutar sunanta Ichthyophthirius multifiliis, wani Bafaranshe mai suna Fouquet ne ya raɗa mata sunan a 1876. Ɗigon da kake gani ƙwayar ce kwance a ƙarƙashin fatar kifi, inda magani ba ya isa gare ta. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan akwati, ta lulluɓe kanta, ta rabu zuwa ɗaruruwan ƴaƴa, su fito suna iyo suna neman kifi. A wannan ɗan tsakanin ne kaɗai magani ke kashe su. A ruwa mai digiri 25 zagayen yakan cika cikin kimanin mako guda, amma a digiri 10 yana iya haura wata. Shi ya sa mai gaggawa yake shan wahala da ita: ɗigo ya ɓace, ya ɗauka an warke, ya daina magani, alhali ƴaƴan suna cikin tsakuwa.

Ka fara da sanin yawan ruwanka. Ka auna tsawo da faɗi da zurfin ruwan da santimita, ka ninka su, ka raba da 1000. Akwati mai 60 da 30 da 35 yana ɗaukar lita 63. Ka cire gawayin da ke cikin matatar ruwa domin yana tsotse magani, ka fitar da tsirrai domin gishiri yana kashe su, sannan ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo daga ƙasa, ka mayar da sabo wanda ya kwana a buɗe. Duk kifin da ke akwatin za a yi wa magani, har wanda bai nuna alama ba.

Bayan haka ka daidaita zafi. Idan kana da na'urar ɗumama ruwa, ka ɗaga shi a hankali, digiri ɗaya ko biyu a yini, har ya kai 25 ko 26. Idan babu, ka matsar da akwatin daga bakin taga, ka rufa masa bargo da dare. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iska da yawa, ga shi cutar tana kama wurin numfashin kifi, don haka famfon iska ya yi ta aiki; idan an ɗauke wuta, ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana zubo shi daga sama.

Gishiri shi ne maganin da na fi yarda da shi ga jan kifin ado, saboda yana jure shi kuma kowa na iya samunsa. Gishiri tsantsa ake nufi, kada a kuskura a saka kanwa, domin tana sauya ruwan ta ƙona kifi. Ka narkar da giram 1 ga kowace lita a cikin kwano, ka zuba a hankali, ka maimaita bayan awa 12, ka sake bayan wata awa 12, har ya zama giram 3 a lita. Akwatin lita 63 ke nan zai sha giram 63 sau uku, kuma ƙaramin cokalin shayi a shafe yana ɗaukar wajen giram 5 zuwa 6. Akwai maganin kanti mai haɗin malakayit girin da fomalin, yana aiki sosai, amma a bi ƙa'idar da ke jikin kwalba, a rage shi ga kifi marar ɓawo irin tarwaɗa, kuma ba a saka wa kifin da za a ci.

Duk bayan kwana biyu ka zuƙe rubu'in ruwan daga ƙasa, ka mayar da sabo wanda ya kwana a buɗe don kulorin ɗin famfo ya fita, da gishirin abin da ka ɗebe kawai. Ruwan randa ya fi na akwati sanyi, sai ka bar shi ya huce sanyinsa kafin ka zuba. Ruwan akwatin da iskar hunturu ta busar kuwa, ka cike shi da ruwa zalla, tunda gishiri ba ya bin tururi. Ka ci gaba da haka aƙalla mako guda bayan ɓacewar ɗigo na ƙarshe, ko fiye idan ruwan bai yi ɗumi ba, sannan ka rage gishirin sannu a hankali ta hanyar sauya ruwa. Sabon kifin da ka sayo a leda kuma, ya yi mako uku a wani mazubi daban, da ragarsa daban, kafin ya shiga cikin sauran.