Kurakuran da ke kashe motar gudu a hannun mai sha'awarta, da yadda ake gyara su

Yawancin motocin gudu da ke ƙarewa a jingine a bayan gareji, taya a sace, ƙura ta lulluɓe gilas, ba tsufa ne ya kai su can ba. Nissan 350Z, BMW 335i, Ford Mustang, Toyota 86, duk motoci ne da aka ƙera don a more su shekara da shekaru. Abin da ke gamawa da su a hannunmu shi ne juya tsarin aiki: a fara neman ƙarin ƙarfi da ƙara, a bar lafiyar inji, birki da sanyaya sai daga baya. A ƙasar da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, wannan "daga baya" sau da yawa ba ta zuwa.

Kuskuren farko tun wajen saye ake yin sa. Mutum ya ga fenti yana sheƙi, an tayar masa da ita ya ji rugugin salansa, shi ke nan zuciya ta tafi. Alhali da yawa daga cikin motocin gudu da ke shigo mana daga Amurka sun fito ne daga kasuwannin gwanjo irin su Copart da IAAI, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye. Guguwar Harvey kaɗai, a 2017, ta nutsar da dubun dubatar motoci a yankin Houston. Motar hatsari ana iya gyara ta idan ƙashinta bai karkace ba, amma wadda ruwa ya kwana a cikinta wayoyinta za su yi ta ruɓewa a hankali, yau wannan fitila ta kama, gobe waccan ta mutu. Maganin ba wuya: kowace motar da ta fito daga Amurka tana da lambar shaida da ake kira VIN, mai haruffa da lambobi 17, a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ɗauki lambar ka bincika tarihinta a shafin Carfax, ka kuma zuba ta a intanet kawai, sau da yawa hotunan ranar gwanjon za su fito. Sannan ka ɗaga kafet, ka leƙa ƙarƙashin kujera ka ga ko ƙarfen ya yi tsatsa, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba ko akwai shatin laka. Kada ka biya kuɗi sai an sa mata kwamfuta an karanta, an kuma auna matsin kowace silinda.

Masu mafarkin Skyline R34 ko Silvia S15 su tuna cewa waɗannan motoci da sitiyarin dama kawai aka ƙera su, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma doka ba ta yarda da mai sitiyarin dama ba. Juya sitiyari a gareji, a yanke nan a yi walda can, a motar da za ta yi gudun kilomita 200 a awa, ganganci ne da rai.

Zafi, da abin da ake yi wa inji da sunan taimako

Nan ne na fi son mu daɗe, domin nan aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Mota na sauka, sai bakanike ya ce, "Alhaji, a cire mata tamostat, wannan na ƙasar sanyi ne, a kuma haɗa fanka dairek." Magana ce da ta zama kamar doka a garejinmu, kuma ba daidai ba ce. Tamostat ƙofa ce da ke rufe hanyar ruwa har sai inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 90 a yawancin motoci, a wasu BMW ma ya fi haka, sannan ta buɗe. Idan aka cire ta, injin zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da zuba fetur fiye da kima. Rarar fetur ɗin nan tana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi ya ci, mota ta fara hayaƙi da shan mai. Idan mota tana ɗaukar zafi, akwai abin da ya lalace: lagireto ya toshe, famfon ruwa ya gaji, murfin lagireto ba ya riƙe matsi, ko fanka ba ta tashi. Wannan za a nemo a gyara. Idan an riga an cire maka tamostat, sayo sabuwa ta asali a mayar.

Abokin wannan kuskure shi ne ruwan da ake ɗurawa. Ka tsaya a kowace tasha za ka ga ana fasa ledar fiya wata da haƙori ana tsiyayawa a lagireto, ko a ɗebo na burtsatse a jarka. Injinan motocin nan kawunansu na alminiyom ne, ruwan rijiya kuma yana ɗauke da gishiri da kanwa da ke taruwa su toshe ƙananan hanyoyin lagireto, su kuma ci ƙarfe daga ciki. Kulan, wato ruwan sanyaya inji mai launi, ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba: yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga matakin da ruwa ke tafasa. A wanke hanyar ruwan gaba ɗaya, a zuba irin wanda kamfanin ya ce, rabi kulan rabi tataccen ruwa idan ba haɗaɗɗe ba ne.

Mai BMW ya ƙara sa ido. A E46, tankin ruwa na roba ne, yana tsufa ya tsage ba sallama. A 335i mai injin N54, famfon ruwan na lantarki ne, kuma an san shi da mutuwa farat ɗaya. Idan ba ka san ranar da aka canza su ba, ɗauka ba a taɓa canzawa ba. Kuma duk ranar da allurar zafi ta nufi ja, ka faka ka kashe nan take. "Bari in lallaɓa in kai gida" ita ce ke ƙona gasket, ta lanƙwasa kan inji.

Fetur da sabon shiri a kwamfutar mota

Yanzu da waya da ƴar na'ura ana iya sauya shirin kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira biren bokis, a ƙara wa mai turbo ƙarfin doki masu yawa cikin ƴan mintuna. Daɗin abin ke ruɗar mutane, su manta da tambaya ɗaya: da wane fetur aka rubuta shirin?

Ga inda lissafin ke rikicewa. Amurka tana auna ƙarfin fetur da wani ma'auni daban da namu. Abin da suke kira 87 shi ne kusan 91 a ma'aunin RON da muke amfani da shi, 91 zuwa 93 ɗinsu kuma ya yi daidai da 95 zuwa 98. Fetur ɗin gidajen manmu yana kewayen 91 RON ne, wato na talaka a can. Saboda haka idan ka ga an rubuta 91 a murfin tankin motar da ta fito daga Amurka, kada ka yi murna, ba naka ake nufi ba. Motar tana jurewa ne saboda tana da na'urar da ke sauraren ƙwanƙwasar inji, da ta ji sai kwamfuta ta ja baya ta rage ƙarfi. Sabon shirin da aka rubuta don 98 RON da iska mai sanyi yana cinye wannan rarar kariya. Ka taka ta da azahar a hanyar Zariya, iska mai zafi, fetur mai rauni, matsin turbo ya ƙaru, sai fetur ya riƙa fashewa kafin lokacinsa. Ƙarar ba ta da yawa, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, amma ita ke fasa bakin fistin. Injinan Subaru EJ25 sun yi suna a wannan ciwo.

Gyaran shi ne ka zaɓi shiri mafi sauƙi, wanda aka yi don fetur mafi rauni, ko ka sa a rubuta maka naka bisa bayanan da motarka ta naɗa a kan hanyarmu da fetur ɗinmu. Kafin nan a sa sababbin fulogi da koyil, a tabbatar famfon mai yana kai abin da ake buƙata, a ƙara girman intakula, wato abin da ke sanyaya iskar turbo, idan za a ƙara matsi. Ƴan kwalaben da ake sayarwa da sunan ƙara oktan, wato ƙarfin fetur, kuwa, karanta su da kyau: da yawansu idan sun ce "maki" uku, kashi uku cikin goma na lamba ɗaya suke nufi. Ba za su mayar da 91 ta zama 98 ba.

Baƙin mai ma haka. Injin da aka ce 5W-30 na sintetik, ba a zuba masa 20W-50 don wai "ƙasarmu da zafi". Mai kauri ba ya isa ƙananan hanyoyin turbo da na'urar sauya lokacin bawul da wuri. Bi littafin motar, ka rage tazarar juye saboda ƙura da cunkoso, ka kuma saya a inda ka amince, don jabu ya yi yawa. Mai Mazda RX-8 ya sani cewa injinta da gangan yake ƙona ɗan baƙin mai, dole a riƙa duba sanda akai-akai. Bayan gudu mai tsanani, bar mai turbo ta yi minti ɗaya ko biyu a kunne kafin ka kashe.

Akwai kuma matatar iska mai siffar mazurari da ake ɗaurawa tsirara a cikin bonet. Tana ba da ƙara mai daɗi, ban musa ba. Amma iskar da ta gasu a gefen inji take zuƙa, kuma a lokacin hunturu ƙurar da ta fi gari laushi tana ratsa ta ta shiga silinda. Akwatin da motar ta zo da shi, da sabuwar matata ta takarda, ya fi mata alheri a nan. Cire indomi, wato matatar hayaƙi, daga salansa ma ana yin sa da sunan "ta numfasa", sai fitilar gargaɗi ta kama, sai a cire ƙwan ko a liƙe shi da baƙin salatif. Daga ranar, duk wata matsala da ta taso motar ba ta da bakin gaya maka. Ga warin hayaƙin da maƙwabta da ƴaƴanka za su shaƙa.

Abin da ke taɓa ƙasa

Ni a ganina kuɗin farko na kowane mai motar gudu taya da birki ya kamata su ci. Amma sai ka ga an sayi rim mai inci 20 an naɗa masa tayar gwanjo siririya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa robarta ta bushe, ko da zanenta na nan, kuma a kwalta mai zafi ita ke fashewa. Araha ba ta ado. Siririyar taya kuma ba ta da naman da zai sha rami, rim ne zai lanƙwashe ko ya tsage. Inci 17 ko 18 da taya mai kyau sun fi dacewa da hanyoyinmu. Iska kuma kada ka bar wa mai faci ya ƙiyasta da bugun ƙafa. Adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba, a auna da safe kafin taya ta yi zafi.

Saukar da mota ƙasa ta hanyar yanke sifirin da abin yankan ƙarfe yana lalata shokazoba, ya sa mota tsalle a kwana, ya kuma miƙa tukunyar baƙin mai ga bamp na farko da ka haɗu da shi. In za ka sauke, sayi cikakken saiti da aka yi wa samfurin motarka, ka sauke kaɗan, a yi alaimen bayan nan.

Man birki shi ne abin da kowa ke mantawa. Yana shan danshi daga iska. Sabon man birki samfurin DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa 155. Ka taka birki da ƙarfi sau da yawa a jere, man ya tafasa, sai feda ta nutse har ƙasa babu komai. A canza shi duk shekara biyu, mai shiga fili kuma ya fi haka yawaita. Kada a haɗa DOT 5 da sauran, shi na silikon ne, DOT 5.1 shi ke haɗuwa da 3 da 4.

Takardu a taƙaice: in ka canza inji ko launi, je a sabunta takardun mota su dace, baƙin gilas kuma yana buƙatar izinin ƴan sanda. Duk kayan asali da ka cire, ajiye su a kwali. Ranar sayarwa mai saye ya fi yarda da motar da za a iya mayarwa yadda take, kuma nemo su daga baya a kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa, Panteka ko Apo zai ci kuɗi da lokaci.

Saura kuskuren da ba a gyarawa. Wasan mota a titin unguwa, ranar ɗaurin aure ko da Sallah, yara sun yi da'ira suna ihu, tazarar da ke tsakaninsu da bayan motar ba ta fi taku biyu ba. Motar da ke tura ƙarfi ta tayoyin baya, in ta ƙwace, ba ta shawara da direba, kuma an rasa rayuka ta wannan hanya a garuruwanmu. Ina son ganin mota tana zamewa a gicciye kamar yadda kowane mai sha'awa ke so, shi ya sa nake roƙon a kai abin inda ya dace. Ku haɗu ku nemi fili a rufe da izinin masu shi da na hukuma, ku kafa shinge mai nisa tsakanin ƴan kallo da motoci, mota ɗaya a fili a lokaci guda har hannu ya faɗa. Direba ya sa hular kwano da bel, a ɗaure baturi da kyau, a kwashe duk tarkacen cikin mota, a ajiye tukunyar kashe gobara a inda hannu zai kai, a kuma tanadi mota ɗaya a gefe da direbanta wadda aikinta kawai kai mutum asibiti.