Darasi na 7: Dam ɗin Tiga da Ban Ruwan Rani

Jama'a, yau karatunmu a kan ruwa ne. Ku fara rubuta kalmomin nan a littafinku, sannu a hankali: dam, kanal, laka, kachala, tsargiya.

Dam ɗin Tiga yana ƙaramar hukumar Bebeji a jihar Kano, an gama shi a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Tare kogin Kano aka yi, ruwan damina ya taru ya zama tafki, yana iya ɗaukar kusan mita kubik biliyan 2, to daga nan ake sakin shi kaɗan-kaɗan ta kanal zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, ga shinkafa ga alkama ga tumatir a tsakiyar rani lokacin da ko ciyawa ta bushe, wani kuma ya bi kogi zuwa Tamburawa a tace shi ya shiga famfunan birnin Kano.

Abin da nake so ya zauna muku a zuciya shi ne ruwan nan na 'yan watannin damina ne kawai, shi za a ci har wata shekara. Shi yasa raina ke ɓaci in na ga mutum ya fasa gefen kanal da dare ya cika fegi har ruwa na malala kan hanya, alhali na ƙasa da shi yana tsaye da fartanya yana kallon tumatirinsa na yaushi. Yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, in ƙasa ta sha ka toshe bakin da kyau. In kun ga kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta fara tsirowa a magudana ku haɗu ku cire ta tun tana ƙarama, mutanen Hadeja da Nguru sun san yadda take toshe hanyar ruwa. Kar a yi noma dab da bakin tafki, laka ce ke gangarawa ta cike shi.

Iyaye mata, yaron da ke yawan wanka a kanal in kika ga jini a fitsarinsa tsargiya ce, a kai shi asibiti akwai magani. Ruwan sha kuma a tafasa.

Aikin gida: daga 1974 zuwa 2024 shekara nawa ke nan? Sannan ku rubuta jimla 2 kan yadda ake rabon ruwa a garinku, gobe kowa zai karanta tasa.